Farin Dutsen Iyakar Gonar Goggo Hamida

Abdulganiyu mai gyaran injin ban ruwa ya tumɓuke dutsen iyakar gonar wata tsohuwa mai riƙon marayu, ya kai gida ya sa a kwabet, sannan ya tsaya cikin mutane yana ji ana cewa tsohuwar ta fara ruɗewa, bai buɗe baki ba. Laifinsa ke nan. Masu cewa ai sha'awa ce ta ja shi, su sani ɓarawon akuya ma sha'awar nama ke jan sa.

Tara duwatsu ba laifi ba ne, kuma a Mairuwa kowa ya san Abdulganiyu da shi. Aikinsa na kai shi fadamu da bakin rafuka, daga Sheme har Ketare, kuma ba ya dawowa aljihu wayam. Tsohon kwabet mai gilashi da matarsa Suwaibatu ke jera kwanuka a ciki ya roƙa, ya kafa a zaure, ya shimfiɗa auduga. Akwai wani baƙi dogo mai zane-zane a jiki kamar an ja shi da tsinke. Akwai mai ɓarewa falle-falle kamar albasa. Akwai 'yan shuɗaye-shuɗaye da masu haƙar farar ƙasa a Kankara suka ba shi, yana ajiye su a gwangwanin kifi. In an kawo masa dutse, sai ya karta shi da wuƙa, ya goga shi a jikin kwalba, ya ja shi a bayan fasasshen faranti ya ga launin da zai bari. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Da bazara ya ratsa ta gonar Goggo Hamida zai je duba wani inji. A iyakar gonar ya ga farin dutse kamar girman tukunyar miya, rabinsa a ƙasa. Ya sha wucewa ta wurin. Ranar dai ruwan farko ya zaizaye gefensa, sai ga wani kogo a gindin dutsen cike da haƙora masu tsini, garau kamar gilashi, kowanne da fuska shida. Ya san dutsen iyaka ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dutsen iyaka. Ya sa ƙarfen kwance taya ya ɓanɓaro shi, ya ɗaure a bayan babur.

Zuciyarsa ta ɗan dame shi, sai bayan 'yan kwanaki ya ɗauko wani baƙin dutse ya koma zai maye gurbin. Ruwa ya riga ya shafe ramin. Ya duba nan, ya duba can, ya dasa shi inda ya ga ya yi kama, ya tafi yana ganin ya biya. Ashe ya shigar da iyakar cikin gonar Goggo da kunyoyi masu dama.

Gonar da ke maƙwabtaka da ita wani Lawwali ne ya saye ta da rani. Daga wani ƙauyen Sabuwa ya taso da iyalinsa saboda rashin kwanciyar hankali, kuma wanda ya sayar masa ya bar garin. An ce masa dutse ne iyaka. Ya zo da shanu ya yi huɗa har gindin dutsen da ya gani, ya shuka masara. Goggo Hamida kuwa, tun da noman daji ya gagara, wannan 'yar gonar ta bakin gari ita ce abincin jikokinta.

Ta kai ƙara wurin mai unguwa, Alhaji Gide, aka je gonar da mutane.

"Alhaji, dutsenmu fari ne," in ji ta. "Bisanshi nike aje ƙwaryar furar Malam tun shina da rai. Wanga baƙin abu ban san shi ba."

"Goggo, ni abin da na iske ke nan," in ji Lawwali. "Ban taɓa shi ba, Allah shina gani."

Wani a baya ya ce, "Dutse dai ba ya tafiya. Halan rana ta ƙona shi."

Aka yi dariya. Waɗanda suka raba gadon gonar sun rasu, saura mutum ɗaya, shi ma idonsa ya tafi. Alhaji Gide ya ce a bar iyaka inda take sai in an sami shaida. Abdulganiyu yana tsaye a wurin, hannunsa a aljihu. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya la'anci mai canza alamar ƙasa, kuma Abdulganiyu ya ji wannan a karatu kamar kowa. Abin da ya yi da ya koma gida shi ne ya lulluɓe dutsen da tsohon rawani, ya tura shi ƙasan kwabet.

Masara ta kai gwiwa. Sai ga baƙo daga Kankara, Malam Yahya, wanda shi ma yake tara duwatsu. Suka zauna a zaure da hantsi. Malam Yahya ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan fari mai tsini kamar yatsa.

"Ka ga irin wanga? Ƙasarku ba ta haifar shi. Ku nan sai tsakuwa da marmara."

Abdulganiyu ya yi murmushi. Malam Yahya ya ƙara da cewa kwabet ɗin ya fi kyau lokacin da kwanuka ke ciki. Nan haƙurin ya ƙare. Ya durƙusa ya jawo dutsen, ya yaye rawanin, ya juya kogon wajen haske. Malam Yahya ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

Suna cikin haka Goggo Hamida ta yi sallama za ta shiga duba Suwaibatu, wadda ke fama da zazzaɓi. Ta kai tsakiyar zauren, ta tsaya.

"Abdulganiyu, juya mani bayanshi."

"Goggo, daga rafin Sheme na..."

"Ban tambaye ka ba. Juya shi."

Ya juya. Ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a saman dutsen, ta daɗe haka.

"An wanke ka, ka yi kyau," ta ce wa dutsen. Sannan ta ɗago. "Ɗan nan, kana nan tsaye ranar da aka ce rana ta ƙona shi. Na gan ka. Har na ce cikin raina, ga mai hankali, shi bai yi dariya ba."

Ba ta shiga gidan ba. Malam Yahya ya mayar da hularsa, ya tattara jakarsa, ya ce yana da sauri.

A gaban Alhaji Gide, Abdulganiyu bai musa ba. Ya ce ai ya maye da wani.

"Ka ɗauke shaida ka dasa ƙarya, shi ne ka maye?" in ji Alhaji Gide. "Ka san wurin da ka cire shi?"

Ya ce yanzu ya tuna, a saiwar wani kalgo ya dogara ƙarfen. Aka je aka tono saiwar, ga tabon a jikinta. Lawwali ya ce shi bai son hatsin marayu, a ba ta abinta.

Hukuncin ya fito haka. Abdulganiyu ya ɗauko dutsen a ka, a ƙafa, ranar kasuwa, ya dasa shi da hannunsa, kogon yana kallon ƙasa. Masarar da ke kunyoyin ta zama ta Goggo Hamida. Shi ya maida wa Lawwali irinsa da takinsa, shi ya yi noma da maimai na gonar Goggo gaba ɗaya a daminar. Masu fadama suka hana shi ratsa gonakinsu sai da mai gona a tare da shi.