Ranar da Aka Raba Yaya da Akwatinsa

In don ta Auta ne, da tuni an faskare akwatin nan an hura wuta da shi. Amfilifaya ce, wato na'urar ƙara sauti ta jitar bes, amma kowa akwati yake ce mata: tsohon katako, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, fatar jikinsa duk ta ɗaye, ga nauyi kamar an cusa masa buhun siminti. Na yayansa ne, to amma wa ke ɗauka? Auta, mai gangunan ƙungiyar kiɗansu. Duk benen da za a hau, sai ya gama jidar gangunansa sannan ya dawo ya kama kunnen akwatin ɗaya, Yaya ya kama ɗayan, su hau suna nishi.

Ga Yaya da tsarabe-tsarabe. Ba ya kiɗa da takalmi. Sai ya jingina ƙugunsa da akwatin, ya tsaya dab da babbar gangar da Auta ke bugawa da ƙafa, ya kafe idonsa a kan ƙafar. In zai ɗaure tsirkiya kuwa, sai ya ɗora haɓarsa a kan katakon jitar kamar mai gyangyaɗi. Ɗaliban da ke zuwa ɗakin bayan gidansa ma ba su tsira ba, kowa sai ya tuɓe takalmi ya dafa akwatin.

"Bes ba da kunne ake jin sa ba," haka yake gaya musu. "Da ƙirji ake ji, da tafin ƙafa. Yatsu biyu: wannan ya taka, wannan ya biyo, kamar tafiya. Babban yatsa kuma ya kwanta a kan tsirkiyar da ba ka so ta yi magana."

Ɗalibai su yi ta gyaɗa kai, su fita suna maimaitawa. Auta kuwa ya taɓe baki. A wurinsa duk iyayi ne.

Ba akwatin kaɗai ke tsakaninsu ba. A ciwon mahaifiyarsu Inna na ƙarshe, su biyu ne a ɗakin asibitin. Auta na bakin gado, Yaya na tsaye a taga ya ba su baya. Inna ta buɗe ido, muryarta kamar zare, ta ce, "Babba, juyo in gan ka." Haka take kiran Yaya. Ta sake faɗa. Yaya ko motsi bai yi ba, can sai ya ja ƙofar da ke gefen tagar ya fita. Kafin ya dawo an rufe mata fuska. Auta bai taɓa tayar da maganar ba, amma ya riƙe ta ƙam a ransa. Tun daga nan duk abin da Yaya ya yi sai ya jingina shi da girman kai: a kira shi ya wuce, a buga masa waya ya ƙi ɗauka sai dai ya turo saƙo, kana magana ya ƙi kallon idonka. A kan dandamali ne kawai suke zama abu ɗaya, don gaskiya in ƙafar Auta ta sauka, yatsan Yaya na nan tare da ita, ko allura ba ta shiga tsakani.

Ana nan sai ƙungiyar ta samu gurbi a zauren wani sabon otal. Masu wurin suna da dokarsu: ba a ajiye akwati a kan dandamali, duk sauti ta teburin mai haɗa sauti zai bi, kowane makaɗi ya sa 'yar na'ura a kunne, ganguna kuma can baya, cikin shingen roba mai kama da gilashi.

Mawaƙiyar da ke shugabantar ƙungiyar, wadda kowa ke kira Anti, ta ja Auta gefe.

"Ka yi wa yayanka magana," ta ce. "Ko ya rabu da akwatin nan, ko in kawo wani mai bes. Akwai wanda ke jira, ba na ɓoye maka."

Maganar ba ta yi wa Auta daɗi ba. Haushi daban, wannan daban. Tun yana yaro bai taɓa buga ganga da wani bes a gefensa ba sai na Yaya, kuma ba ya so ya fara yanzu da furfura. Ya je ya same shi, ya zauna gabansa ya yi bayani tiryan-tiryan. Yaya ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce, "A'a." Ko ƙarin kalma ɗaya babu.

To, Auta ya ce a ransa, taurin kai ai ba kai kaɗai Inna ta haifa da shi ba. Ranar gwaji shi ya loda mota da kansa, ya bar akwatin a gareji, ya ma lulluɓe shi da tamfol. In mutum ya zo ya tarar babu, ai dole ya sa abin kunne, in ya sa kuma zai ga ba cizo yake yi ba. Har murmushi Auta yake yi a hanya, shi a dole ya ceci yayansa.

Da hantsi suka hallara. Zauren fanko, kujeru a kife kan tebura, dandamalin siminti ne an shimfiɗe shi da kafet mai kauri. Yaya ya shigo rataye da jitarsa, ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina akwatina?"

"Yana gida, Yaya. Yau ɗaya dai ka gwada."

Auta ya shirya wa faɗa, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Fuskar Yaya ta yi fari fat. Ya tuɓe takalmi, ya taka kafet ɗin, ya riƙa danna yatsun ƙafarsa nan da can kamar mai laluben abin da ya faɗi. Ya waiwaya wajen gangunan, fitilu sun haske shingen robar, ba a ganin ƙafar kowa. Mai haɗa sauti, wata matashiya da suke kira Injiniya, ta zo ta maƙala masa na'urar a kunnuwa ta koma teburinta. Yaya ya ɗaga mata yatsa sama: ƙara. Ta ƙara. Ya sake ɗagawa. Ta ƙara. Da ya ɗaga na uku sai ta tsaya tana kallonsa, sannan ta murɗa.

Waƙar farko ta wuce da ƙyar. Yaya ya zuba wa hannun mai fiyano ido, yana binsa a baya-baya, abin ba daɗi amma ba a faɗi ba. Auta ya ce rashin sabo ne.

Kafin ta biyu, Anti ta yi gyaran murya. Tana gaba, ta ba su baya, ta yi magana a ƙaramin makirfon da ke shiga kunnuwan makaɗa kawai.

"Muryata ta dushe. Mu sauko da waƙar mataki ɗaya."

Kowa ya gyaɗa kai. Ta ɗaga hannu, ta sauke, aka shiga. Yaya ya shiga a tsohon mataki.

Wanda bai taɓa jin bes ya saɓa da sauran kiɗa ba, ba zai gane ba. Abin har cikin haƙora ake jin sa. Mai fiyano ya yamutsa fuska, mai jitar gaba ya waiwayo.

"Bes, sauko," in ji Anti a makirfon. Ba canji. "Malam, na ce ka sauko." Ba canji. "Kowa ya tsaya."

Kowa ya tsaya cak, ban da Yaya. Kansa a sunkuye, idonsa a kan tsirkiyoyin nan huɗu, yatsu biyu suna tafiyarsu, wannan ya taka wannan ya biyo, babban yatsa a kwance inda ya saba. Kiɗa mai kyau, tsaf, shi kaɗai a cikin zauren. Ran Auta ya ɓaci. Ya ɗauka da gangan Yaya yake yi, wato a nuna wa Anti iyakarta a kuma kunyata shi. Har ya miƙe zai yi magana sai ya ga Injiniya ta baro teburinta tana tahowa a hankali.

Ta miƙa hannu ta zare na'urar daga kunnen Yaya na hagu. Daidai nan Anti ta yi tari a makirfon. Tarin ya fito ta cikin ɗan abin nan da bai fi ƙwayar wake ba, da ƙarfin da ya sa mai fiyano ya zabura daga inda yake. Auta, a bayan shingensa, ya ji shi raɗau.

"Na ƙure masa shi," in ji Injiniya. "Babu sauran ƙari. Wannan ko a tafin hannu ka riƙe sai ka ji yana zillo."

Yatsun Yaya sun tsaya. Ya ɗago, ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, duk bakuna a sake. Ya cire jitar daga wuyansa, ya jingine ta a hankali, ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita.

Auta ya ture kujera ya bi shi. Ya hango shi yana sauka a matattakalar baya.

"Yaya." Shiru. Ya ɗaga murya har bango ya amsa. "Yaya!"

Bayan Yaya bai ko girgiza ba. Nan Auta ya tsaya cak, don ya san bayan nan, ya taɓa ganin sa haka. Ya tsallake matakai ya sha gabansa.

"Tun yaushe?"

Idon Yaya ya sauka a kan bakinsa. Sai yanzu Auta ya gane inda idon nan ke zuwa duk shekarun da yake cewa an raina shi ba a kallon idonsa.

"Kunnen dama ya daɗe da tafiya," in ji Yaya. "Na hagu ya bi shi a hankali. Likita ya ce ba gyara. Matata kaɗai ta sani. In na jingina da akwatin ina jin kiɗana a ƙashina, kai kuma ina ganin ƙafarka. Da haka nake ci."

"Na ce tun yaushe, Yaya?"

"Tun kafin ciwon Inna."

Auta ya dafa bango. Bai san sanda ya toshe bakinsa da tafin hannu ba. Wani sauti ya fito masa ta tsakanin yatsu, shi kansa bai san me ya ce ba.

"Cire hannunka," Yaya ya ce. "Ba na ganin abin da kake faɗa."

Auta ya sauke hannun.

"Na ce kar ka sa takalmin. Mu koma."

Sun tarar da Anti riƙe da waya, ba ta kira ba, ba ta kuma ajiye ba. Ta buɗe baki za ta fara ba da haƙuri, Auta ya wuce ta. Ya cicciɓi shingen robar ya jefar gefe. Ya jawo faffaɗan murfin katako na akwatin kayan Injiniya, ya shimfiɗa a gaban dandamali, ya ɗora babbar gangar a kai, ya jero sauran kusa. Sannan ya kamo hannun Yaya ya tsayar da shi a kan katakon, ƙafa ɗaya manne da jikin gangar. Ya kalle shi ido da ido, ya nuna ƙasa da yatsa ɗaya. Yaya ya gyaɗa kai, ya zame hannunsa na hagu mataki ɗaya a wuyan jitar.

Auta ya taka. Yatsan Yaya ya sauka tare da shi, daidai wa daida. Mai fiyano ya shigo yana share ido da kafaɗa. Anti ta daɗe a tsaye kamar an dasa ta, waƙar ta zagayo inda za ta shiga ta wuce ta, sai a zagaye na biyu ta kama.

Da aka gama ta ajiye wayar a kan fiyano.

"Masu wurin ba za su so ganguna a gaba ba," ta ce. "Zan je in same su. Ban yi alkawari ba, amma ba zan kira kowa ba tukuna." Ta matso bayan Yaya, ta rage murya. "Malam, ka yafe mini."

"Zagayo gabansa, Anti," in ji Auta.

Ta zagayo, ta sake faɗa.

Su biyu suka rage wajen kwashe kaya. Yaya ya zauna a bakin dandamali yana goge tsirkiyoyi da tsumma, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan ta ƙarshe.

"Auta, akwai abin da nake so in tambaye ka, ban da hali, don in na tambaya asirina ya tonu." Bai ɗago ba. "Ranar nan a asibiti, na juya baya ne don kada ta ga ina kuka. Da ya ci ƙarfina na fita. Kai kana kusa da ita. Ta ce wani abu?"

Kan Yaya a sunkuye yake. Auta ya san in ya ga dama zai iya faɗin komai yanzu, ko ya yi shiru, ba wanda zai sani. Ya ajiye sandunan gangar. Ya zo ya durƙusa a gabansa inda hasken fitila ke dukan fuskarsa, ya jira har Yaya ya ɗago ya kalli bakinsa.

"Ta kira ka," ya ce a hankali, yana buɗe kowace kalma. "Ta ce, Babba, juyo in gan ka."

Tsumman ya faɗi daga hannun Yaya. Idonsa bai bar bakin Auta ba.

"Sake faɗa," ya ce.