Abin da Ya Rage a Kwamfutar Sai-Gobe

Mijin tela bai taɓa gama abu a ranar da ya fara shi ba, shi ya sa 'yan'uwansa suka laƙaba masa Sai-Gobe tun yana yaro. Ƙofar banɗaki ta shekara tana lilo a kan ƙusa ɗaya. Famfon kicin kuwa, ɗigarsa ta girmi 'yarsu ta fari. Abu ɗaya ya yi da wuri a rayuwarsa, shi ne mutuwa, kuma tela ba ta yafe masa wannan ba.

Aikin kwamfuta yake yi. Ya rubuta wani abu da suke kira laburare, alhali ko littafi ɗaya babu a ciki. Yadda ya yi mata bayani, ɗan dako ne: in wata kwamfuta tana son aika saƙo ga wata, sai ta ari abin nasa ya kai mata. Kyauta ya sake wa duniya shi, kowa ya ɗiba. Tela ta ce dama ranar da ake rabon wayo shi ya ce a ajiye masa nasa sai gobe. Keken ɗinkinta ne ke riƙe da gidan, sai wata baƙar kwamfuta a ɗakin baya, wadda ɗan asibitin unguwa da kantin magani da wata makaranta suke bi ta cikinta su aika saƙonninsu.

A kan wannan kwamfutar suka yi faɗansu na ƙarshe. 'Yar fankar da ke cikinta ta mutu, sai ya lallaɓa ya ɗauke ta tela, mai tsayin nan da take kunnawa in tana ɗinki, ya saita wa akwatin ƙarfe. Ya ce aro ne, gobe zai sayo wata. Ta wanke shi tas. Ta ce masa ko gawarta ce ke gumi ba zai ba ta fankar ba, ta ja jaka ta tafi sayen zare. Da ta dawo ta same shi ya kifa kai a kan tebur, shayinsa ya huce, fanka tana ta kaɗa wa kwamfuta iska.

Tun ranar ba ta bari kwamfutar ta mutu ba. In an ɗauke wuta sai ta ruga ta duba batir. Tana share mata ƙura da ƙyalle, tana zaginta, tana ɗinki cikin zafi a ɗaya ɗakin.

Ana nan sai ga ƙanwarsa, Auta, wadda ita ma aikin kwamfuta take yi, ta shigo da hantsi da tata kwamfutar a hammata, ko zama ba ta yi ba. Ta ce an gano ɓaraka a laburaren Yaya, duniya duk ta ɗauka. Tela ta ce madalla, ashe zai yi suna, shi ma sai da ya bari sai gobe.

Auta ta ce ba abin dariya ba ne. Ta jawo kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin keke ta ce, a ce mace ta kawo yadi ɗaya, ta dawo ta ce goma ta kawo, ke kuma ba ki auna ba, sai kika cika mata da abin da ke cikin kwandon nan, guntun rigar wannan da guntun zanen waccan. To haka laburaren yake yi. Ɓarawo zai aiko da 'yar gajeriyar magana ya ce doguwa ce, a maido masa. Kwamfutar ba ta aunawa, sai ta cike gurbin da ragowar saƙonnin mutane da ke zube a ƙwaƙwalwarta. Har da kalmomin sirri.

"Wa ya bar ta ba ta aunawa?" in ji tela.

Auta ta juyo mata da allo. Cikin rubutun da tela ba ta gane komai ba, akwai layi ɗaya da ta iya karantawa, wanda ya bar wa kansa a gefe: *a duba tsawo, gobe.*

Tela ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, har ta rasa inda dariyar ta ƙare. Auta ta miƙo mata ƙyalle daga kwandon.

An riga an rubuta gyara, Auta da wasu abokan aikinsa ne suka yi. Saura a sa wa wannan kwamfutar, a kashe ta a sake kunnawa. Tela ta tambayi abin da zai sami ragowar in an kashe. Auta ta ce za ta goge, babu dawowa. Ta tambaya ko a cikin ragowar akwai nasa. Nan Auta ta fara sosa kunne, irin na gidansu in an ritsa su. Ta ce Yaya kowace safiya yakan aika saƙon gwaji don ya ga ko abin na aiki. Mutanen kirki sukan rubuta gwaji gwaji su tashi. Shi kuwa sai ya ƙara da labarin gida.

"Ki tambayi kwamfutar," in ji tela.

"Matar Yaya, wannan fa shi ne aikin ɓarayin."

"Gidana ne. Mijina ne. Fankata ce ma."

Auta ta yi tsaki, ta zauna a kujerarsa ta fara. Kowace tambaya sai allo ya cika da tarkace, lambobi da rabin kalmomi, kamar an juye kwandon shara. Tana bi da yatsa tana tsallake na mutane, in ta ga gwaji gwaji sai ta karanta. Na farko ya ce tela ta ƙona ƙwai ta ce laifin kasko ne. Tela ta ce ƙarya yake, kaskon ne. Wani ya ce tela ta yi masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya sa ya fita, saboda yana son zaman lafiya. Tela ta ce ƙafafunsa ne ba daidai ba, kowa ya sani. Auta ta ce a nan kam ba za ta kare ɗan'uwanta ba.

Suna cikin haka Auta ta nuna mata wani gefen allon inda layuka ke ta hawa. Ta ce ba su kaɗai ke tambaya ba, ga baƙi nan sun fara ƙwanƙwasawa daga ko'ina, kuma kwamfutar tana ba su yadda take ba su. Tela ta ce saura kaɗan. Na ranar ƙarshe take so.

Ya fito, amma da guntun wutsiya. Auta ta karanta a hankali: *gwaji gwaji. tela ta yi fushi a kan fanka, kuma tana da gaskiya. in ta dawo zan ce ma*

Daga nan sai lissafin kwalaben maganin tari na kantin magani.

Tela ta ce zai ce mata me. Auta ta ce wani saƙo ya hau kan sauran, wataƙila akwai shi a wani lungu, wataƙila babu. Tela ta ce a sake. Aka sake, aka sake. Ta matso ta tsaya a bayan kujera tana bin yatsan Auta da ido, ita da karatu ke yi mata wuya, tana haɗa baƙi ɗaya ɗaya.

A haka ta haɗa sunan da ta sani. Maƙwabciyarta ce, mai kitso, wadda ta kwana uku a ɗakin nan tana riƙe da hannunta bayan rasuwa. Saƙo ne daga asibiti, sakamakon awo, da sunan cutar a gabansa. Auta ta yi maza ta rufe da tafin hannu, amma aikin gama ya gama. Jiya ma mai kitso ta zo karɓar riga, ta ce a rage mata kaɗan, wai ramar zafi ce.

Tela ta dubi layukan baƙin nan suna ta hawa. Ta tambaya ko su ma za su iya ganin wannan. Auta ta ce duk wanda ya tambaya.

Tela ta ji iskar fanka a ƙafarta, ta juya ga Auta.

"Kashe ta."

Auta ta ce ko a gwada sau ɗaya kawai. Tela ta ce ita ba Sai-Gobe ba ce, a nuna mata wurin dannawa kawai. Auta ta sa gyaran, ta nuna mata maɓalli, tela ta danna da kanta. Ƙugin da ta saba ji ta bango ya tsaya. Ɗakin ya yi shiru, sai fanka da ɗigar famfo daga kicin.

Auta ta ce tana ganin haƙuri Yaya zai ba ta a saƙon nan. Tela ta ce haba, kamar ba ɗan'uwanki ba. Cewa zai yi gobe zai sayo.

Kwamfutar ta dawo. Auta ta aika mata tambayar ɓarayi, ta maido da abin da aka ba ta daidai, ba ƙari. Saura saƙon gwaji, in ji Auta, me za a rubuta?

Tela ta matsar da fankar kusa da akwatin, don ta ga ya fara ɗumi, ta goge hannu a jikin zanenta.

"Rubuta, gwaji gwaji. Fankar dai tawa ce, aro na bayar."