Ba Da Sunan Makarantarmu Ba

Maman Dogo tana kan keke tana haɗa hannun wata riga aka kira ta daga makarantar ɗanta. Sakatariyar Madam ce, mai makarantar. Ta ce Madam na son ganinta yau, kafin a tashi yara.

"Lafiya dai? Ciwo ya ji?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ki dai zo."

Ta bar rigar a ƙarƙashin allura, ta ja ƙofar shago ta kulle. Duk hanya tana ta juya abin da yaron zai iya aikatawa, ta rasa. Dogo ba ya faɗa, ba ya ɗauke-ɗauke, magana ma sai an matsa masa. Tsawo ne kawai Allah ya ba shi, har mutanen layinsu suka manta sunansa na gaskiya. Yana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita ta kusa.

Makarantar ta kuɗi ce, mai fenti fes da furanni a bakin ƙofa. Ita ta dage aka mai da shi can, bayan ya fara a ta gwamnati inda yayanta yake koyarwa. Ranar da ta cire shi, a ɗakin mahaifiyarsu, a gaban kowa, ta ce ita ba za ta bar ɗanta yana zaman ƙasa a ajin da babu ko taga ba, a ƙarshe ya fito bai iya rubuta sunansa ba. Yayan nata yana zaune, ya gama shan shayinsa ya sa takalmi ya fita. Tun daga nan tsakaninsu sai gaisuwa.

Ofishin Madam sanyi kamar cikin firiji. Matar ta tarbe ta da fara'a, har da sa a kawo mata ruwa, abin da ya ƙara faɗar mata da gaba.

"Dogo yaron kirki ne," in ji Madam. "Ba mu taɓa samun ƙararsa ba. Sai dai jarrabawar gwajin da muka yi musu, gaskiya bai yi abin kirki ba. Lissafi ma ba a magana."

"To ai gwaji ne. A ƙara masa darasi mana."

"Lokaci ya ƙure. Abin da muka yanke shi ne, ba za mu yi masa rajistar jarrabawar fita da sunan makarantarmu ba."

Maman Dogo ta ji maganar sarai, amma sai da ta sa aka maimaita mata.

"Zai iya ci gaba da zuwa darasi," Madam ta ƙara. "Jarrabawar ce kawai zai nemi wani wuri ya zauna. Ki gwada makarantun gwamnati, su ba sa zaɓe."

"Shekaru yana hannunku fa, Madam. In bai iya ba, a ina ne bai koya ba?"

Madam ta gyara zaman tabarau. "Ki fahimce ni, 'yar'uwa. Iyaye sakamako suke kallo kafin su kawo mana yara. In ɗaya ya faɗi, sunanmu ne a bakin mutane."

Maman Dogo ta gyara mayafinta. Ta miƙe, har da cewa ta gode, abin da ya dinga cin ranta daga baya. Da za ta fita ta hango Dogo ta taga, can kujerar baya, ya tanƙwashe ƙafafunsa a ƙarƙashin teburin da ya yi masa kaɗan. Ba ta kira shi ba.

A bakin titi ta kira mijinta, direban babbar mota, yana can kan hanya. Ƙarar inji ta cika wayar. Ya saurare ta har ta gama.

"Ki je wurin Yayanki," ya ce.

"Da wane bakin?"

"Da wanda kika yi masa rashin kunyar. Ai ba ki sake wani ba."

"Baban Dogo, ina cikin tashin hankali kana yi min wasa?"

"Ba wasa nake ba. In aka rufe rajistar nan, shekara guda ta tafi. Ki ajiye girman kai ki je."

Da yamma Dogo ya shigo, ya ajiye jaka a hankali kamar mai tsoron kada ta yi ƙara. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane ya riga ya sani.

"Tun yaushe?"

"Tun makon jiya, Umma. An kira mu ofis, ni da wasu."

"Shi ne ka yi shiru? Kana kallona ina guge maka kaya kullum, ina taka keken nan har ƙafata ta kumbura, ashe kai zaman dumama kujera kake zuwa yi?"

Ya sunkuyar da kai. Sai da ta yi faɗan ta gaji, sannan ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Wallahi ina karantawa, Umma. A gida ina iyawa. Da an ajiye min takardar a gabana aka ce a fara, sai kaina ya zama fanko. In na ɗaga kai na ga kowa yana rubutu, shi ke nan."

Sai ta tuna safiyoyin da yake ture kofin shayi ya ce ya ƙoshi. Ita a zatonta iyayi ne na samari. Ta zauna a bakin gado ta yi tagumi, abincin da ta ɗora har ya kama ba ta ji ƙaurinsa ba.

Washegari da safe suka nufi makarantar gwamnati. Ta hana shi sa kayan makarantarsu. Tun daga nesa ake jin hayaniyar wurin. Rabin tagogin babu gilashi, fentin bango ya koɗe, yara sun cika aji har wasu a bakin ƙofa da littattafai a cinya. Ta tambayi wata yarinya ajin da yayanta, malamin tarihi, yake, aka nuna mata.

Yayanta yana gaban allo, hannun rigarsa fari fat da alli. Ya gan su ta ƙofa, ya ci gaba da darasinsa. Ta tsaya a baranda, rana tana dukan gefen fuskarta, tana shirya abin da za ta faɗa tana rushewa. Sai da aka kaɗa ƙararrawa ya fito.

"Kawu, ina kwana," in ji Dogo, ya rusuna.

"Lafiya lau, Dogo. Kai har yanzu ba ka daina tsawon nan ba?" Ya juyo gare ta. "Auta, yau ke ce a makarantarmu? Kin taho da kujerarki dai ko? Kin san mu nan a ƙasa muke zama."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta faɗa masa komai a tsaye, tana yi tana share fuska da gefen mayafi. Ya saurara yana kaɗe allin hannunsa.

"Yaya, na san abin da na faɗa ranar nan..."

"Bar wannan. Ba a baranda za mu yi ta ba. Ku zo mu je."

Ya kai su wurin mataimakin shugaban makaranta, wanda harkar jarrabawa take hannunsa, wani dattijo mai furfura da murya kamar ta mai mura. Ofishinsa fanka ɗaya ce, ita ma tana juyawa da ƙyar.

"Wani kuma?" in ji dattijon. "Duk shekara haka suke mana. Su kwashe masu ƙoƙari, su turo mana sauran, gobe a ce makarantar gwamnati ba ta iya komai ba." Ya dubi Maman Dogo. "Rajista a makon nan za a rufe ta. Ni kuma ba na sa sunan yaron da ban ga rubutunsa ba. Zai zauna yanzu in gwada shi."

"Yanzu?" ta ce. "Ranka ya daɗe, bai shirya ba."

"Ajin ƙarshe yake, ko ba haka ba?"

Ta kalli Dogo. Leɓɓansa sun bushe, ya damƙe gefen wandonsa.

Aka zaunar da shi a ɗakin malamai, kusa da taga, aka ba shi takarda da biro. Ita kuma aka nuna mata benci a gindin wata bishiya, inda take iya hango ƙeyarsa. Ta zuba wa ƙeyar nan ido. Ba ta ga kafaɗarsa tana motsi irin na mai rubutu ba. Ta yi addu'ar da ta zo bakinta, ta sake wata, tana murza zoben hannunta har yatsan ya yi ja. In suka ƙi shi a nan, ina kuma za ta nufa? Me za ta ce wa ubansa? Me za ta ce wa matan da suke zama a shagonta, waɗanda ta cika wa kunne da labarin makarantar ɗanta mai kwamfuta da motar ɗaukar yara?

Can sai ta ga ya miƙe zumbur, ya fito da gudu, ya zagaya bayan tankin ruwa. Ta jiyo kakarin amai. Ta zabura za ta bi shi, Yayanta ya tare ta da hannu.

"Zauna. In ya ga fuskarki haka, ba zai koma ba."

Shi ya je. Ta hango shi ya buɗe famfo ya wanke wa yaron fuska, ya dafa bayansa, suna magana ƙasa-ƙasa. Har ta ga Dogo ya ɗan murmusa. Sannan suka koma tare, Yayan ya jawo kujera ya zauna daga bakin ƙofa ya juya wa yaron baya, ya buɗe jarida. Bayan ɗan lokaci kafaɗar Dogo ta fara motsi.

"Me ka ce masa?" ta tambaya daga baya.

"Na ce masa ni ma a jarrabawata ta ƙarshe sai da na yi amai a kan takalmin malamin da yake tsaron jarrabawar. Ga ni nan kuma, ban mutu ba."

Dattijon ya duba takardar a gabansu, yana jan biro yana gyaɗa kai, wani wurin kuma yana tsaki. Kowane tsaki sai ta ji shi a ƙirjinta.

"Turancinsa ba laifi," ya ce a ƙarshe. "Sauran ma da dama-dama. Lissafi ne ba ya nan. Zan sa sunansa, amma da sharaɗi. Mu ba ma ba da aron suna. In a nan zai zauna jarrabawa, ɗalibinmu ne. Ya sa kayanmu, ya shiga ajinmu kullum har a gama."

Abin kunya, ba karatun ne ya fara zuwa ranta ba. Layinsu ta hango, da safe, Dogo ya fito da kayan makarantar gwamnati, maƙwabta suna leƙe.

"Zan zo, Malam," in ji Dogo, kafin ta buɗe baki.

Ranar ta ajiye ɗinkin mutane ta yanka masa riga da wando. Maƙwabta kuwa sun leƙa, wasu har shago suka biyo ta da tambaya, ta ce musu canji aka yi, ta ci gaba da taka kekenta. Kullum in an tashi, kawunsa yakan tsare shi a aji shi kaɗai, ya ajiye masa takarda ya ce a fara, don jikinsa ya saba. Wata rana ya dawo da fara'a, wata rana ya dawo idonsa ja. Ita dai ba ta ƙara cin abinci ta ji daɗinsa ba har aka yi jarrabawar aka gama, aka shiga jiran sakamako, wanda ya fi jarrabawar wuya.

Ranar da ya fito, Dogo ya tafi shagon kwamfuta ya duba. Ta kasa ɗinki, ta kasa zama, ta yi ta kai da komo tsakanin keke da bakin ƙofa. Da ta hango shi tafe, ta yi ƙoƙarin karanta tafiyarsa, ta kasa.

"Na ci duka, Umma," ya ce. "Ban da lissafi."

"To... ka ci ke nan ko ka faɗi?"

"Ba za su ɗauke ni jami'a ba sai da shi. Sai na sake lissafin. Kawu ya ce akwai malamin da zai haɗa ni da shi. Amma ban yi amai ba ko sau ɗaya, Umma. Har lissafin ma na zauna na gama."

Ta rasa ko murna za ta yi ko kuka, sai ta ce ya shiga ciki ya ci abinci. Ya ci kuwa, har ya nemi ƙari.

Da la'asar wata mai kawo mata ɗinki ta zo da 'yarta a auna ta, yarinyar za ta shiga sakandare. Maman Dogo ta durƙusa tana zagaya tef a ƙugun yarinyar.

"Ke da kika ga duka biyun," in ji matar, "wacce za ki ba ni shawara? Ta kuɗi ko ta gwamnati? Ni wallahi ko barci ba na iya yi."

Maman Dogo ta daɗe tana kallon tef ɗin.

"Wallahi ban sani ba," ta ce. "Ni ma nawa bai ƙare ba, akwai lissafi a gaba." Ta taɓa gwiwar hannun yarinyar. "Ɗaga hannunki, 'yata."