Rabon Tsibiri

Tsibirin yana tsakiyar kogin da ya raba wasu ƙasashe biyu, ta gabas da ta yamma, kowace kuma cewa take nata ne. Da aka gaji da cacar baki, sai aka haɗa wakilai a ɗakin taron wani otal, mai dogon tebur da na'urar sanyi mai ƙugi kamar tsohon babur.

Wata lauya ce ke jagorantar wakilan gabas. Shugaban na yamma kuwa kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, don aure ne ya tsallako da uwar tata.

Mai shiga tsakani ya shimfiɗa taswira, ya ja layi da jan biro. Rabi na gabas, rabi na yamma. Masuntan da ke zaune a can za a kwashe su, a girke sojoji.

"An tambaye su?" in ji lauyar.

"Gwamnatocinku sun riga sun amince, ranki ya daɗe."

Kawun ya yi murmushi. "Haba 'yar nan, sa hannu mu je mu ci abinci. Ni na saɓa ki a kafaɗa kina ƙarama, yau kuma za ki kashe ni da yunwa?"

Aka yi dariya, ban da ita.

"Kawu, in mun fita zan durƙusa in gaishe ka. Amma layin nan ta tsakiyar makarantar 'ya'yan masuntan ya bi. Ba zan sa ba."

Wayarta ta yi ƙara. Minista ne. Ta fita baranda ta ɗauka.

"Ba gardama aka tura ki ba," in ji shi. "Ki sa hannu ko ki kwashe kayanki."

"Ranka ya daɗe, hannun nawa ne. In kana so, ka zo da naka."

Ta koma ciki. Ta rufe bironta, ta ce sai an zo da masuntan. Taro ya watse.

Kafin mako ya zagayo aka tsige ta, aka jefa ta wani ofis marar taga. Mahaifiyarta ta kira tana faɗa, wai ta kunyata mata ƙane a bainar jama'a.

An tura wani a madadinta, amma labari ya riga ya kai tsibirin. Masunta suka zo maza da mata, suka zauna a ƙofar otal, suka ce ba inda za su. Dole aka ƙaro kujeru a ɗakin. Har yanzu ana ja-in-ja, ba a tashi ko gida ɗaya ba.