Ganyen Kabeji a Ƙofar Auta

Jaririn 'yata Auta bai zo da kwana ba. An binne shi, masu gaisuwa sun watse, sai nono ya kawo. Mijinta, direban tasi, ya kira ni a waya yana ta kame-kame, wai ƙirjinta ya kumbura, ko riga ba ta iya sawa.

Da uwarta na da rai, da babu ruwana. Amma na ga abin da mata ke yi. Na sayi kabeji babba, na hau benen gidan hayarsu ina tsayawa ina hutawa.

Na sami mijin a kicin, kwanuka jibge babu wanki.

"Baba, miya za a yi?"

"Miyar gidanku. Ba ni kwalba."

Na ɓare ganyen, na wanke, na cire jijiyar tsakiya, na murza da kwalba har ya yi laushi. Muka sa a firij ya yi sanyi.

"Sai a sa a ina, Baba?"

"Ni na aure ta ko kai?"

Ya shiga da farantin. Bai jima ba ya fito da shi yadda ya shiga.

"Ta ƙi."

Tun da ta yi aure ban taɓa leƙa ɗakinta ba. Na tsaya bakin ƙofa, na ba labulen baya.

"Auta."

"Na'am, Baba." Muryar ta dushe.

"Ki sa abin nan. Zafin ya sauka, ruwan ya ƙafe, ki huta."

"Shi ne ba na so, Baba. In ya ƙafe, me ya rage mini nasa?"

Gwiwata ta gaji, na zauna a ƙasa, farantin a cinyata. Direba ya kawo kujera, na kore shi da hannu.

"Ba zan tilasta miki ba," na ce. "Amma in zazzaɓi ya shigo, asibiti za mu, ba shawara."

Ina jin numfashinta, ina jin fanka. Ganyen ya yi yaushi, na tashi da ƙyar na sako mai sanyi, na koma mazaunina.

Can sai ta ce, "Baba."

"Ina ji."

"Miƙo guda. Ɗaya ɓangaren a bar mini tukuna."

Na zura hannu ta ƙarƙashin labule, fuskata na kallon bango.