Labarin Gwaggo Iyatu Ya Kai Ingila

A shekarar 2004 jami'o'i biyu suka ba Zinatu gurbin digiri na uku a fannin kula da masu damuwa da taɓin hankali, irin kulawar da ake yi ta hanyar zama da sauraro. Ɗaya a Ibadan take, inda ta yi digirinta na biyu. Ɗayar a Ingila, har da tallafin karatu.

Abin da ya ja hankalin wata malama a jami'ar Ingilar shi ne tsarin binciken da Zinatu ta aika. A ciki ta kawo labarin wata mata da 'ya'yanta biyu suka nutse a gulbi rana ɗaya, ta daɗe ba ta magana, daga baya ta riƙa zuba musu tuwo a kwanoninsu kullum. Ba ta sa suna ba. Amma matar Gwaggo Iyatu ce, ƙanwar mahaifinta da ke aure a Gummi, wadda ta yaye ta. Da bakinta ta ba Zinatu labarin, wata rana suna ɓarar gyaɗa su biyu. Malamar ta ce a kan wannan mata da ire-irenta za a gina aikin, saboda haka Zinatu ta taho da muryar matar a kaset.

Zinatu ta je gida Bukkuyum neman shawara. Cikin murna ta kwashe komai ta faɗa wa mahaifinta, Malam Lirwanu. Shi kuma daɗi ya cika shi, duk wanda ya zauna tabarmarsa ta ƙofar gida sai ya ji yadda Turawa suka zaɓi ɗiyarsa, da dalilin zaɓen.

Bayan sati biyu ta shiga motar Gummi da rikoda a jaka. Ta yi sallama ta shiga gidan. Gwaggo na zaune bakin ɗakinta tana tankaɗe.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Lahiya lau, Zinatu. An ce kin kai haukata ƙasar Turawa."

Zinatu ta durƙusa.

"Gwaggo, wallahi ban sa sunanki ba."

"Turawa ina sunka san ni, ko kin sa ko ba ki sa ba? Mutanen Gummi su sunka san ni." Ta kaɗa rariyar. "Shekaranjiya wurin suna wata ta tambaye ni ko har yanzu ina zuba ma yaran tuwo. Gaban matar ɗana. Ko mai gidan nan bai san zancen kwanonin ba, ɗaki nike zubawa. Ke ɗai na hwaɗa ma."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta dubi jakar da Zinatu ta ƙanƙame.

"Mi kinka riƙo ciki?"

"Ba komai, Gwaggo."

Gwaggo ta sa aka dama mata fura, aka shimfiɗa mata tabarma. Zinatu ta kurɓa sau ɗaya, ta kasa ƙarawa. Ta nemi gafara, Gwaggo ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da Zinatu ta koma Bukkuyum ta ce wa mahaifinta Ibadan za ta. Ransa ya ɓaci.

"Ki bar Ingila don 'yar magana? Iyatu ai tamu ce, ni zan ba ta haƙuri."

Zinatu ba ta ce masa shi ya baza zancen ba. Ta san ita ce ta fara fitar da shi daga ɗakin Gwaggo.

A Ibadan ta canza batun bincikenta zuwa gajiyar zuciya da ke kama ma'aikatan jinya. A zangon farko akwai darasi kan riƙe sirrin marar lafiya da neman yardarsa. Ta zauna a baya, kanta ƙasa, har aka tashi. Ita ta fi kowa maki a jarrabawar, malamin ya yabe ta gaban aji, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta gama, ta samu aiki a wani asibiti, mutane suna yaba haƙurinta wajen sauraro. Duk Sallah tana zuwa Gummi da atamfa da sabulu. Gwaggo takan karɓe ta da fara'a, ta tambayi lafiyar miji da yara, su yi zancen damina da tsadar taki kawai, sannan ta rako ta har zaure.