Ma'aunin Zafi a Ƙarshen Bututu

Tun safe Auta take zaune gaban kwamfuta a ɗakin kula da injina. Kwana uku ke nan ana gwajin sabuwar tukunyar dafa sabulu, aikinta kuwa shi ne ta sa zafin ya tsaya cak. Ya ƙi. Jan layin da ke allon ya hau, ya sauka, ya sake hawa, kamar ƙirjin mai zazzaɓi. Manaja ya riga ya ce in yau ma sabulun ya ƙone, zai nemo wani a madadinta.

Ta san inda gizo ke saƙar. An dasa ma'aunin zafin can ƙarshen wani dogon bututu, nesa da tukunyar. Kafin labari ya isa gare shi ya sa a rufe tururi, mai afkuwa ta afku. Wanda ya zana wurin kuwa Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ma ya kawo ta aikin. Lokacin zane ba wanda ya neme ta. Sai da aka gama walda aka kira ta.

Ƙofa ta buɗe. Manaja ya shigo, Yaya na biye da shi.

"Auta, har yanzu layin naki rawa yake?" in ji Yaya yana dariya. "Ko mu ɗauko masa makaɗi?"

Manaja bai yi dariya ba. "Injiniya, ina jin ki."

Ta dubi takalmanta, ta dubi allon, ko'ina ban da fuskar Yaya.

"Yallaɓai, ma'aunin ne ya yi nisa. Sai bayan minti huɗu yake jin zafin. Ko wa aka kawo..."

"Wa ya sa shi can?" in ji Manaja.

Auta ta mayar da ido kan allon.

Yaya ya jawo zanen, ya bi bututun da yatsa har ƙarshe. Dariyar ta gushe.

"Ni ne, Yallaɓai. Don a ji daɗin kwance shi in ya lalace. Ban tambaye ta ba."

"A kira mai walda, a mayar da shi inda ta ce," in ji Manaja, ya fice.

Yaya ya naɗe zanen a hankali, bai dube ta ba.

"To, taso ki nuna mana wurin."

Ta bi shi a baya, ta kasa gane ko fushi ne a muryar tasa.